Ranar Da Za Ki Nemi 'Yar Sanda

Yau alƙalamin nawa ya karkata ne zuwa wani wuri da babu wadda take roƙon Allah Ya kai ta, wato caji ofis. Na san da jin haka wata za ta taɓe baki ta ce, "Mu da muke cikin ɗakunanmu, ina ruwanmu da 'yan sanda?" To 'yar uwa, daure ki karanta har ƙarshe, domin ita masifa ba ta yin sallama, ba ta kuma tambaya ko matar gidan tana cikin kulle.

Shekarun baya a unguwarmu wani abu ya faru wanda har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi ɗaci. Wata yarinya ce mai tallar gyaɗa, shekarunta ba su wuce 11 ba, wani ƙaton banza ya yaudare ta zuwa cikin kango da sunan zai saye gyaɗar duka. Uban yarinyar ya yi tafiya, uwar ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta roƙe ni in raka ta kai ƙara. Muka je muka tarar da maza uku a bayan kanta, benci kuwa cike da jama'a, masu rigimar fili da masu rigimar bashi, kowa ya zuba mana ido. Kofur ɗin ya buɗe littafi ya ɗaga murya ya ce, "To yarinya, faɗa mana, me ya yi miki?" Yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ya sake tambaya, shiru. Ya ce da uwar, "Hajiya, in ba ta yi magana ba me zan rubuta?" Uwar ta kama hannun 'yarta ta ce, "Mu tafi, na bar shi da Allah."

Ni ban ce kofur ɗin mugu ne ba, aikin ya yi yadda ya saba yi. Amma ke da kanki ki auna, wace yarinya ce da aka raina da kunya za ta buɗe baki ta faɗi irin wannan magana a gaban ƙattin maza da taron jama'a? Da a ce akwai mace cikin kaki da ta ja ta ɗaki, ta rufo ƙofa, ta zaunar da ita ta ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki," da wataƙila labarin ya sauya. Maimakon haka, mutumin nan ya ci gaba da yawonsa a unguwa, Allah kaɗai Ya san 'ya'yan wa ya sake taɓawa. Tun daga ranar na gane cewa maganar mata a aikin ɗan sanda tamu ce tun kafin ta zama ta 'yan boko masu taro a otal. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Doka ma ta san da haka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta shekarar 2015 ta ce idan za a caje jikin wanda ake zargi, a yi shi cikin mutunci, kuma mai cajen ya zama jinsi ɗaya da wanda ake cajewa, sai fa in lalura ta hana. Ta kuma ce idan za a shiga kamu a ɗakin matar da bisa al'ada ko addini ba ta fita cikin jama'a, a sanar da ita tukuna don ta kauce. Madalla da wannan. Sai dai in babu mace a ofishin, wa zai caje ki? Wa zai raka matar da aka tsare zuwa makewayi da tsakar dare? Doka a takarda ba ta da hannu, sai an sami wadda za ta aiwatar da ita.

To me ya sa matan suka yi mana ƙaranci? Nan ne nake da ƙorafi biyu, ɗaya a kan hukuma, ɗaya a kan mu kanmu.

An haɗe rundunar 'yan sandan Nijeriya ta zama ɗaya a shekarar 1930, amma ba a fara ɗaukar mata ba sai a 1955. Da aka ɗauke su ma, sai aka tsara musu ƙa'idoji irin na wanda aka ba shi masauki ana hararsa. Ƙa'idojin aiki na 1968 sun ce macen da za a ɗauka dole ta kasance ba ta da aure. Ƙa'ida ta 124 ta ce idan tana son yin aure sai ta rubuta wa Kwamishina takardar neman izini, ta faɗi sunan manemin da adireshinsa da sana'arsa, kuma ba za a ba ta izinin ba sai ta cika shekara 3 tana aiki, an kuma gamsu da halin mutumin. Namiji kurtu kuwa ba a ɗora masa irin wannan sharaɗin ba. Ki duba fa, waliyyinta ya yarda, iyayenta sun sa rana, amma sai Kwamishina ya sa hannu. Yanzu a ƙasar Hausa, inda yarinya tana gama sakandare ake fara maganar lefe, wane uba ne zai yarda 'yarsa ta je horo, ta dawo ta ƙara shekara 3 ba aure? Waɗannan ƙa'idoji su suka rufe wa 'ya'yanmu ƙofa, sannan aka juyo ana cewa matan Arewa ba sa son aikin.

Aikin da aka ware musu ma a cikin ƙa'idojin, yawancinsa ɗaukar bayanin mata da yara ne, da rakiyar matan da aka tsare, da tsallakar da 'yan makaranta titi, da aikin akawu da amsa waya. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma wanda aka ajiye a bakin waya shekara da shekaru, da me zai yi takarar ƙarin girma da wanda aka tura binciken manyan laifuka? Haka mace za ta shiga aiki rana ɗaya da namiji, ya zama shugaban ofis, ita tana nan tana buga masa takarda.

Sai kuma ƙa'ida ta 127, wadda ta ce 'yar sandan da ta yi ciki ba ta da aure a kore ta. A nan ina so ki fahimce ni da kyau, babu wadda take goyon bayan ɓarna, tarbiyyarmu da addininmu sun hana. Abin tambaya shi ne, ana yin ciki da mutum ɗaya? Ɗan sandan da ya yi wa wata ciki a waje, babu irin wannan ƙa'ida a kansa, zai ci gaba da ɗaukar albashinsa. Laifi ɗaya, an kori ɗaya an bar ɗaya, ina adalci a nan?

Alhamdu lillahi, an sami waɗanda suka tsaya. A 2012 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke cewa ƙa'idar neman izinin aure ta saɓa wa tsarin mulki, wanda sashe na 42 nasa ya hana nuna bambanci saboda mutum namiji ne ko mace. A watan Janairun 2021 aka kori wata 'yar sanda a Jihar Ekiti saboda ciki, ta kai ƙara, a 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure ta soke ƙa'ida ta 127, ta ce a biya ta diyyar naira miliyan 5. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ita ma ta rushe wannan ƙa'ida a ƙarar da ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta shigar. Sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana nuna bambancin jinsi. A 2022 kuma Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince mata su riƙa ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hula, wanda ya cire wa iyaye da yawa ƙaya a zuciya.

Duk wannan abin yabo ne, amma ki lura, yawancinsa sai da aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Rundunar ta fitar da manufar kula da daidaito tsakanin maza da mata tun 2010, ga shi shekara 11 bayan haka an kori mace da tsohuwar ƙa'ida. Wannan ya nuna mana cewa goge rubutu a littafi ya fi goge shi a zuciya sauƙi. Abin da masana ke nufi da shigar da lamarin mata cikin kowane sashe na aiki ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ma'anarsa, duk abin da za a tsara a tambaya yaya zai shafi mace. Za a gina ofis, ina ɗakin da za a saurari wadda aka yi wa fyaɗe ba tare da kunnen jama'a ba? Za a gina bariki, ina makewayin mata? Za a yi canjin wurin aiki, an duba mai goyo? Za a tura kwas ko a yi ƙarin girma, mata nawa ne a jerin? In ba a amsa waɗannan ba, ko an ɗauki mata dubu an jera su ranar fareti, kwalliya ce kawai.

Ku da kuke son finafinan Indiya, bari in ba ku misali daga can. Tun 1973 Indira Gandhi ta buɗe caji ofis na mata zalla a Jihar Kerala. A 2022 kuma aka wallafa wani bincike da aka yi a ofisoshi 180 a Jihar Madhya Pradesh, inda aka kafa teburin karɓar koken mata a wasu ofisoshin. An gano cewa inda aka kafa teburin an fi rubuta ƙarar cin zarafin mata, musamman inda mace ce ke riƙe da shi. Ashe da ma koken yana zuwa, rubutawar ce ba a yi, kamar dai yadda ta faru da 'yar maƙwabciyata.

Yanzu sai ƙorafi na biyu, kuma laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mu mata, me muke cewa a gidan biki idan an ce wance ta shiga ɗan sanda? "Ai ta fi ƙarfin iyayenta." "Wa zai auri wannan, ta sa shi a bayan kanta?" "Idonta ya buɗe." Mu ne muke zuga ɗan uwanmu ya fasa neman ta, mu ne muke kashe wa uwarta gwiwa. Gobe kuma in an zo kama ɗan gidanmu, maza suka faɗo har tsakar gida, mu ne masu kururuwar an keta mana haddi. Irin wannan surutu aka taɓa yi wa masu karatun jinya da ungozoma, yau ga shi kowace mai naƙuda addu'arta Allah Ya haɗa ta da likita mace. A Kano ma hukumar Hisba tana da mata a cikinta, domin an gane akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba, akwai maganar da ba za a faɗa masa ba. In ya halatta a can, me ya haramta shi a caji ofis?

Ku ma 'yan uwanmu masu kaki ina da magana da ku. Ana kuka da wasunku cewa sun fi maza zafi, mace ta zo da hawaye a tarbe ta da, "Me kika yi masa ya doke ki?" ko "Me ya kai ki ɗakinsa?" Haba 'yar uwa! In haka ne an gudu ba a tsira ba. Na san wata tana yin haka ne don kada abokan aiki su ce ta cika laushi, amma ki tuna amfanin zamanki a wurin shi ne wadda ta kasa magana ta sami bakin yi. Kaki ba ya cire imani, kuma na goro da aka karɓa a hannun mai laifi don a danne ƙarar marainiya, wuta ce ko hannun wa ya karɓa.

Ke kuma uwa, idan 'yarki mai hankali da natsuwa ta ce tana sha'awar aikin nan, kada ki rufe ta da faɗa. Ki zauna da mahaifinta ku yi shawara, ku bincika, ku yi mata addu'a. Ke budurwa mai takardar sakandare ko ta gaba da ita, ki sa ido lokacin da ake ɗaukar sababbi, domin gurbin jiharku in ba ku nema ba, ba zai jira ku ba. Ke kuma da ƙaddara ta kai ki caji ofis, kada kunya ta hana ki cewa, "Ranka ya daɗe, ina so in yi magana da mace." Ba rashin kunya ba ne, kuma yawan masu tambaya shi zai sa hukuma ta san akwai buƙata.

Yarinyar nan mai gyaɗa yanzu ta girma, tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta. Duk ranar da muka haɗu sai ta sunkuyar da kai kamar ita ce ta yi laifi. Allah Ya kare mana zuri'a, Ya sa kada mu ga ranar da za mu nemi 'yar sanda, in kuma ranar ta zo, Allah Ya sa mu tarar da ita a wurin.