Canza metal ɗin kamshaf a gida: abin da bidiyoyin YouTube ba sa gaya maka

Akwai bidiyoyi birjik a YouTube da ke nuna yadda mutum zai canza metal ɗin kamshaf a gidansa kamar wasa. Mai mota a Samaru, ɗalibi ne ko ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello, sai ya kalla ya ce ai ba wani abu ba ne, gobe sai Sabon Gari sayen kaya. To, a dakata tukuna. Bidiyoyin nan ba ƙarya suke yi ba, amma abin da suka tsallake ya fi wanda suka nuna muhimmanci.

Kamshaf shi ne sandan ƙarfen nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawul, yana juyi ɗaya duk lokacin da kiranshaf ya yi biyu. Ba a kan boris mai ƙwallaye yake gudu ba. A kan ƙarfe mai santsi yake kwance, baƙin mai na shiga tsakani ya ɗaga shi. Beauchamp Tower ne ya gano wannan matsin na mai a Ingila a 1883, Osborne Reynolds ya yi bayaninsa da lissafi a 1886. Ratar da man ke bi kan kasance wajen milimita 0.03 zuwa 0.07, wato kaurin gashi ɗaya ko ƙasa da haka.

Aibin farko: yawancin bidiyoyin a kan injunan Amurka ake yin su, irin tsohon V8 na Chevrolet, inda kamshaf ke cikin gangar injin, metal ɗinsa kuma zobba ne da ake cusawa da kayan aiki na musamman. Corolla da Camry da Accord da suka cika titunan Zariya ba haka suke ba. Kamshaf ɗinsu a saman top silinda yake, kuma galibi alminiyon jikin top ɗin shi ne makwancinsa. A mafi yawan wuraren da yake kwance, babu metal ɗin da za ka zare ka sa sabo. In wurin ya cinye, sai gyara a wajen masu injin yankan ƙarfe, ko canjin top gaba ɗaya. Murafan da ke danne kamshaf ɗin ma tare aka fafe su da top ɗin a masana'anta, shi ya sa kowanne ke da lamba da kibiya. Ka sauya musu wuri, ka jawo wa kanka.

Na biyu, awo. Ido ba ya ganin 0.05. Sai da maikromita ko zaren awon nan Plastigage, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. A injin da ke da metal kuwa, in ramin mai na jikinsa bai dace da na injin ba, mai ba zai shiga ba, sai ƙarfe ya ci ƙarfe.

Na uku, ba sa tambayar me ya cinye wurin tun farko. Kamshaf na sama yana nesa da famfon mai, don haka yana cikin waɗanda ke fara shan wuya in mai ya yi ƙasa, ko ya daskare ya toshe hanya, ko an zuba jabu. Ga kuma ƙurar hunturu: ƙwayar yashi ta fi alminiyo tauri nesa ba kusa ba. Buɗe inji a tsakar gida a watan Janairu, iska na kaɗawa, zuba masa yashi ne da hannunka.

Amfanin bidiyoyin shi ne su buɗe maka ido, ba su maye gurbin gareji ba. Don haka in bakanike ya ce maka metal ɗin kamshaf ne, tambaye shi abu uku: injin nan yana da shi kuwa? Rata nawa ya auna? Kuma me ya hana mai isa wurin?