4.3 Sharhi a Kan Rawar Kafafen Sada Zumunta a Zanga-zangar 2021

Masu ra'ayin cewa Facebook da Twitter su ne makamin talaka sukan kafa hujja da juyin juya halin Tunisiya da Masar na 2011. Idan aka auna wannan ra'ayi da abin da ya faru a ƙasar Gobir, za a ga yana da rauni. A watan Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Hotunan sun bazu, matasa suka fito zanga-zanga a Kano da Abuja ƙarƙashin taken #NorthIsBleeding. Sai dai taken da Turanci yake, masu yaɗa shi kuma mazauna birane ne. Manoman Bafarawa da Gatawa kuwa, tun watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Ke nan kafar da hukuma ke iya rufewa dare ɗaya ba ta isa ta zama muryar wanda abin ya shafa ba. Ta kai kukan birni, amma ba ta tsayar da kisan ba.