Gida da Ƙasa a Ƙagaggun Labaran Mata Hausawa: Waiwaye Daga Ushafa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1980, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, mata suka shigo fagen rubuta ƙagaggun labaran Hausa, har ta kai yau ba a iya maganar wannan fage ba tare da su ba. Manazarta sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan ayyukansu, amma galibi an fi mayar da hankali ga jigogin soyayya da auren dole da kishi da tarbiyya. Tambayar da ba ta sami kulawar da ta dace ba ita ce: wace irin ƙasa ce waɗannan littattafai suke zanawa, kuma wa da wa suke ƙirgawa a cikin 'ya'yanta?

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa marubuta mata sun yi nasarar mayar da gidan aure madubin al'umma baki ɗaya, sai dai gidan yana da katanga, kuma ba a cika jin muryar wadda take bayan katangar ba. Za a auna wannan magana da garin Ushafa na Yankin Babban Birnin Tarayya, sannan a kwatanta ta da abin da marubuta mata na ƙasar Yukiren suka yi, domin su ma sun sha fama da irin wannan tambaya.

2.0 Ushafa da Takardar Naira Ashirin

Ushafa gari ne na Gbagyi a ƙaramar hukumar Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma wadda take shayar da birnin Abuja. Ya yi suna da ginin tukwane, sana'ar da mata suka gada kaka da kakanni. A farkon shekarun 1990 aka kafa cibiyar ginin tukwane a garin ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, kuma a watan Agusta na 2000 Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi. Duk wanda ya shiga kasuwar wannan yanki zai ji ana ciniki da Hausa, ko da yake ba ita ce harshen da aka tashi da shi a cikin gida ba.

Dangantakar yankin da Hausawa tsohuwa ce. Sunan Abuja kansa ya samo asali daga Abu Ja, na zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, wanda ya kafa garin da a yau ake kira Suleja a 1828. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammed ta kafa dokar da ta keɓe wannan yanki domin sabon babban birni, aka kuma ƙaura zuwa cikinsa a ranar 12 ga Disamba 1991. An yi wa birnin kirari da cewa na kowa ne, alhali ƙasar da aka gina shi a kai gonaki ne da kushewun Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara da sauransu, kuma an tayar da ƙauyuka da dama domin a gina shi.

Takardar naira ashirin ta taƙaita wannan tarihi. A fuskarta akwai hoton Murtala, wanda ƙanwarsa Balaraba Ramat Yakubu tana cikin fitattun marubuta mata na Hausa. A bayanta, tun 2007, akwai hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Mata biyu ke nan da takarda guda ta haɗa, ɗaya ta hanyar yayanta, ɗaya da aikin hannunta. Abin dubawa shi ne ko ƙagaggen labari ya haɗa irinsu kamar yadda kuɗi ya haɗa su.

3.0 Gida a Matsayin Ƙasa

Ba a cika samun marubuciya Bahaushiya tana ambaton Nijeriya da suna a matsayin jigo ba. Wannan bai sa ayyukansu suka rasa siyasa ba, domin a cikin gida suke gudanar da ita. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba, Alhaji Abdu shugaba ne mai cikakken iko da ya tauye haƙƙin waɗanda suke ƙarƙashinsa. Ya ƙuntata wa uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara, ya auro Delu, ya kori Rabi. Ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, har ranar da gobara ta cinye dukiyarsa, aka dawo ana matsa mata ta koma ɗakinta. Littafin ya fito ne a tsakiyar ƙuncin da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya jefa jama'a, don haka mai karatu na lokacin ba ya bukatar a fassara masa maigidan da yake wadaƙa a waje iyalinsa suna kwana da yunwa. Komawar Rabi ma abin lura ce, don marubuciyar ba ta ƙawata ta ba. Ta nuna cewa mai gyara ɓarna ita ce wadda aka fi zalunta.

A Wa Zai Auri Jahila? (1990) an cire Abu daga makaranta aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma, ta gudu Kaduna wurin gwaggonta, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafafunta. A nan ilimin 'ya mace shi ne ma'aunin ci gaban al'umma. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, a littattafai irin su Allura Cikin Ruwa (1994), ta bi wata hanya dabam: taurarinta mata ne masu boko da ilimin addini tare, masu neman haƙƙinsu da hujjar Musulunci. Idan aka haɗa waɗannan ayyuka, za a ga sun gina hoton 'yar ƙasa ta gari: Musulma, mai ilimi, mai kunya, mai sana'a, wadda ta san abin da shari'a ta ba ta.

Jama'a ma sun fahimci cewa batun ya wuce soyayya. Muhawarar da ta ɓarke a jaridu bayan Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano a 1994, wadda irin su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka shiga, a kan makomar harshe da al'ada aka yi ta. Haka kuma ƙona wasu littattafan da aka yi a bainar jama'a a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ya tabbatar da cewa hukuma tana kallon labarin da mace ta rubuta a matsayin abin da zai iya sauya kamannin al'umma. Ba a ƙona abin da aka raina.

4.0 Wadda Take Bayan Katanga

Littafin farko da mace ta rubuta a wannan fage a kan iyakar ƙabila ya tsaya. Boɗaɗo ta So Aljannar Duniya 'yar Fulani ce da ta so Yasir, wanda ba Bafulatani ba, danginta suka ƙi. Wato tun daga tushe, an ɗora tambayar wane ne namu, wane ne bare. Sai dai iyakar da Boɗaɗo ta tsallake tana cikin da'irar Musulunci, kuma yawancin waɗanda suka biyo baya ba su faɗaɗa da'irar ba.

Abuja tana yawan fitowa a littattafan da aka rubuta daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa waɗanda ake karantawa a waya a yau, amma Abujar Maitama da Asokoro ce: gidan bene, mai gadi, direba, miji babban ma'aikaci ko ɗan siyasa. Ita ce inda tauraruwa take tarewa idan wahalarta ta ƙare. Matar da ta ɗauko itace ko doya a kafaɗa, kamar yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya, idan ma ta gifta, ta gilashin mota ake hango ta. Ba ta da suna, ba ta da dangi, ba ta da abin da take so ko take tsoro.

Harshen kansa yana da hannu a wannan. Bahaushe yana kiran maganar da ba ta fita daidai ba gwaranci, yana kiran tumatir da tattasai kayan gwari, sannan yana da tarin barkwanci a kan Bagwari. Marubuciyar da ta ɗauki waɗannan kalmomi ba tare da ta tsaya ta dube su ba, ta gaji hukuncin da yake cikinsu. Ga shi kuwa irin wannan hukunci ne ta yi shekara arba'in tana yaƙa a kan kanta, duk lokacin da aka ce tunanin mace gajere ne.

5.0 Darasi Daga Yukiren

Yukiren ta sami 'yancin kai a 1991 bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Harshenta ya daɗe a ƙarƙashin na Rasha, har a 1876 Sarkin Rasha Alexander na Biyu ya hana buga littattafai da shi. Don haka rubutu da harshen ya zama shelar asali. A littafinta na 1996, Oksana Zabuzhko ta ba da labarin wata mawaƙiya da soyayyarta ta lalace, ta nuna yadda namijin da mulkin mallaka ya wulaƙanta yake huce haushinsa a kan mace. Wannan bai yi nisa da abin da Balaraba ta yi da Alhaji Abdu ba: su biyun sun karanta ƙasa daga ɗakin aure. Maria Matios kuwa, a Solodka Darusia (2004), ta ɗora tarihin yankin Bukovina a kan wata mata da ta daina magana saboda abin da zuwan jami'an Sobiyet ya jawo wa iyayenta tana yarinya.

Wadda ta fi kusa da batunmu ita ce Victoria Amelina, wadda ta rasu a ranar 1 ga Yuli 2023 sakamakon harin makami mai linzami da Rasha ta kai Kramatorsk. Littafinta na 2017 ya shafi iyalin wani tsohon kanar na sojan Sobiyet da suke zaune a birnin Lviv, a gidan da marubucin nan na Poland, Stanislaw Lem, ya tashi. Tambayar da take bin labarin ita ce: su wa suka zauna a nan kafin mu, kuma ina suka tafi? Ita ce tambayar da labarin Hausa mai tarewa a Asokoro bai yi ba tukuna.

Amma akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. Marubuciyar Yukiren tana rubutu da harshen da aka danne. Marubuciyar Hausa kuwa tana tsakiya: Ingilishi yana samanta a ofis da makaranta, amma a Ushafa da Zuru da Kafanchan, Hausa ce babbar inuwar da ƙananan harsuna suke ƙoƙarin tsira a ƙarƙashinta. Saboda haka ba za ta ɗauki matsayin wadda aka zalunta kaɗai ba. Harshenta yana da ƙarfi, kuma ƙarfi amana ne.

6.0 Alamun Sauyi

Ana iya cewa marubuci abin da ya sani yake rubutawa, kuma matan Kano da Funtuwa na shekarun 1990, waɗanda da yawansu a cikin gida suka yi rubutu, ba su da laifi idan ba su san Bwari ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba a neman a rage musu daraja. Sai dai uzurin ba ya ɗaukar 'yan baya, domin da yawa daga cikin masu rubutu da masu karatu a yau a Kubwa da Dutsen Alhaji da Suleja suke zaune, suna maƙwabtaka da mutanen da ba sa sakawa a labari.

Akwai alamar cewa katangar ta fara tsagewa. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Tashin hankalin da ya auka wa Arewa ya fitar da tauraruwa daga tsakar gida zuwa inda take kwana kusa da wadda ba ta jin yarenta. Marubuciyar da ta iya shiga zuciyar wadda bindiga ta kora daga garinsu, za ta iya shiga zuciyar wadda katafila ta rushe wa ƙauye.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ƙagaggun labaran mata Hausawa sun daɗe suna magana a kan ƙasa, ta hanyar gida da aure da ilimi, kuma sun tilasta wa al'umma ta saurari wadda a da ake yanke wa hukunci ba ta wurin. Rauninsu shi ne ƙasar da suka zana ta fi Nijeriya ƙanƙanta, ta ma fi duniyar masu jin Hausa ƙanƙanta. Aikin da yake gaban manazarta shi ne su bi waɗannan littattafai ɗaya bayan ɗaya, su tantance yadda ake siffanta bare da irin maganar da ake sa masa a baki, su kuma shigar da wannan ma'auni cikin darussan tarken adabi a jami'o'inmu. Su kuwa marubuta, ya kamata su tuna cewa maginiyar Ushafa tana jin Hausa, kuma 'yarta da ta yi makaranta tana iya karanta ta. Idan ta buɗe littafi ta tarar an gina labari a kan gonar kakanta ba a ko ambace ta ba, ita ma ta sami amsar tambayar da aka fara da ita, wato wa da wa aka ƙirga a cikin 'ya'yan ƙasa.