Fuskar Sarki a Hannun Baƙo

A shekarar 1645 aka buga kundin hotuna ɗari a birnin Antwerp, cikin ƙasar Beljiyam ta yau. Mai zane Anthony van Dyck ne ya tsara su, gwanaye irin su Paulus Pontius da Lucas Vorsterman suka sassaƙa su a kan farantan tagulla, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Yau suna ajiye a manyan gidajen tarihi, har da na Birtaniya da ke Landan. Cikinsu akwai Marie de' Medici, mahaifiyar Sarkin Faransa Louis na 13, wadda ta tsere daga ƙasar a 1631 bayan ta rasa iko. Mai kallon hotonta ba zai ga alamar gudun hijira ba, sai izza da natsuwa. A ganina aikin irin wannan zane ke nan: ya tsayar da fuskar da mai mulki yake so a tuna, ko da mulkin ya kuɓuce masa.

Mu ma muna da hoto irin wannan. Dixon Denham ya isa Kukawa a 1823, ya zana Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, sannan Edward Finden ya sassaƙa zanen a Landan don littafin tafiyar da ya fito a 1826. Kamannin Shehun Borno da muka sani sun biyo ta hannu biyu ke nan: sojan da ya zo baƙunci, da masassaƙin da bai taɓa ganinsa ba. Marie ta zauna gaban mai zanen da ya san al'adar fadarta. Al-Kanemi kuwa an fassara shi ne zuwa idon Turawa.

Dalilina shi ne, sarautarmu ba ta ɗora kwarjini a kan bayyana fuska ba. Sarki yakan ja amawali ya rufe baki, dogarai su baza riguna su kāre shi idan zai hau doki ko zai sauka. Littafin Denham ɗin kansa ya nuna Mai na Borno yana karɓar baƙi daga cikin wata rumfa mai shinge. Haka kuma Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, amma abin da Bello ya bar mana rubutu ne, kamar Infaƙul Maisuri, inda ya adana muhawararsa da al-Kanemi kan halaccin yaƙi da Borno. Wanda yake son sanin mutanen nan biyu, a wasiƙunsu zai same su.

Ban ce a yar da zanen Finden ba. Shaida ce mai daraja, musamman game da sutura. Roƙona ga gidajen da ke maƙwabtaka da mu a Abakpa, wato gidan tarihin ƙasa na titin Ali Akilu da Gidan Arewa, da ma masu buga littattafan makaranta, shi ne duk inda aka kafa hoton wani sarki na da, a rubuta sunan wanda ya zana shi, da shekarar, da waɗanda aka yi dominsu. Idan ba haka ba, ɗalibi zai ɗauki kallon baƙo ya zaci fuskar kakansa ce.