Kiel ko Evon: zaɓen da aka cuɗa hali da tukuici

A ranar 23 ga Yulin 2013 kamfanin ArenaNet ya buɗe rumfar zaɓe a cikin wasansa na intanet, Guild Wars 2, wanda a lokacin bai cika shekara ɗaya da fitowa ba. Kujera ce ta zama babu kowa a majalisar kyaftin-kyaftin da ke mulkin Lion's Arch, birnin bakin teku da ke zaman babbar kasuwar duniyar wasan, bayan an kashe Kyaftin Theo Ashford ana tsaka da biki a watan Yuni. Mutum biyu suka fito neman kujerar, aka kuma miƙa hukunci ga 'yan wasa, aka ba su kimanin mako biyu su yanke.

Ellen Kiel jami'ar tsaron birni ce, kuma 'yan wasa sun san ta tun kafin takara. Tare da ita suka yi aiki a tsibirin Southsun, inda ta taimaka aka kuɓutar da 'yan gudun hijira daga yarjejeniyar da wani kamfani mai suna Consortium ya ɗaure su da ita. Tare da ita kuma suka kutsa maɓoyar 'yan fashin sama suka kamo Mai Trin, wadda ke da hannu a kisan Ashford. Abokin karawarta, Evon Gnashblade, ɗan ƙabilar charr ne, halittu masu kamar zaki da ƙahoni, waɗanda a wasan Guild Wars na farko, na 2005, su ne suka ƙone ƙasar Ascalon. Shi ne mai kamfanin Black Lion, wato kasuwar da kowane ɗan wasa ke saye da sayarwa a cikinta. Attajiri ne mai kaushin harshe, ba ya ɓoye cewa riba ce gabansa. Duk wanda ya taɓa kallon fim ya san inda aka dosa: ga jaruma, ga bos.

Da a nan aka tsaya, da an yi zaɓe mai daɗin gaske. Tambayar da za ta rage ita ce wa ya dace ya zauna a majalisar birnin da tsofaffin 'yan fashin teku suka kafa, mai gaskiyar da ba ta san kasuwa ba ko ɗan kasuwar da ba a amince masa ba. Wannan tambaya ce da mutum zai iya kwana yana muhawara a kanta da abokan ƙungiyarsa. Amma ba a tsaya nan ba. Aka rataya wa kowane ɗan takara alkawura, kuma alkawuran nan su ne suka cinye zaɓen.

Kiel ta yi alkawarin rage kuɗin tashoshin da ɗan wasa ke biya ya ɓace daga wannan wuri ya ɓulla a wancan, na tsawon mako 4. Evon ya yi alkawarin rage farashin makullan akwatunan Black Lion, shi ma na mako 4. Sai babban alkawari, wanda ya shafi sashen wasan da ake kira Fractals of the Mists, inda mutum biyar ke shiga tare su tsinci kansu a cikin wani yanki na tarihin duniyar wasan. Idan Kiel ta ci, za a gina labarin fashewar tashar makamashi ta Thaumanova. Idan Evon ya ci, za a gina labarin faɗuwar Abaddon. Ɗaya kawai za a gina.

A nan ne abin haushin ya fara. An ɗaure hali da tukuici a ƙulli ɗaya, babu damar kwancewa. Ɗan wasan da ke ƙyamar Evon amma yake ƙishin ganin Abaddon dole ya saka wa mugu ƙuri'a. Wanda ke jin daɗin bakin Evon amma bai taɓa sayen makulli ba, aljihunsa na ja shi wajen Kiel. Mai son Kiel tsakani da Allah kuwa, ƙuri'arsa ta cakuɗe da ta wanda bai ko san sunanta ba, rangwamen tasha kawai ya gani. Abin ya yi kama da ranar zaɓen da aka raba taliya da sabulu a bakin layi: an ƙirga ƙuri'u, an sanar da wanda ya ci, amma ba mai iya rantsuwa cewa ɗan takarar aka zaɓa. Da aka sanar da nasarar Kiel a farkon Agusta, sakamakon bai amsa ko tambaya ɗaya ba game da abin da 'yan wasa ke so. Nagarta suka zaɓa? Arha? Thaumanova? Babu hanyar sani, domin tun farko an tsara zaɓen yadda ba za a sani ba.

Rangwamen guda biyu ma ba su yi kusa da zama daidai ba. Kuɗin tasha kowa ke biyan sa, sabon shiga da tsohon hannu, sau da yawa a zama ɗaya, kuma da kuɗin cikin wasa ake biya. Makulli kuwa daga shagon wasan ake sayen sa da duwatsun da ake kira gems, waɗanda ko dai a saye su da kuɗin gaske ko a canza zinarin wasa mai yawa a same su, sannan abin da zai fito daga akwatin sa'a ce kawai. Rangwame ɗaya na jama'a ne baki ɗaya, ɗayan na masu kashe kuɗi ne. Wanda ya shigo wasan a 2012, bai san tsohon tarihi ba, bai damu da muhawara ba, ya duba alkawura biyu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga mace mai kirki da ya riga ya yi yaƙi a gefenta tana cewa za ta sauƙaƙa masa zirga-zirga, ga wani mai ƙaho yana tallar caca.

Labarin kansa ya riga ya karkata. Wata da watanni Kiel na gaban 'yan wasa tana aikin alheri, kuma Kyaftin Magnus, shugaban dakarun tsaron birnin, yana bayanta. Evon kafin takara suna ne a jikin kasuwa fiye da mutum a cikin labari. Hatta hanyar jefa ƙuri'a ba ta mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba ce. Ana tara wasu alamomin goyon baya ne ta hanyar wasa, kowace alama ƙuri'a ce, wanda ya fi zama gaban kwamfuta ya fi murya. Wannan ba laifi ba ne a cikin wasa, har ma ya sa mutane suka yi ta fafutuka dare da rana. Sai dai ya ƙara dagula ma'anar sakamakon, domin abin da aka auna ya haɗa da yawan lokacin da kowane ɓangare ke da shi.

Wasu magoya bayan Evon sun yi ta zargin cewa an shirya abin tun farko, musamman da labarin Thaumanova ya fito ranar 26 ga Nuwamban 2013 aka ga Scarlet Briar a cikinsa, wato muguwar da duk labarin wannan shekarar ke zagaye da ita. Alkawarin Kiel ya zauna daram a cikin labarin da kamfanin ke kan rubutawa, na Evon kuwa da ya ja labarin shekara fiye da dubu baya. Ba a nuna hujjar maguɗi ba, kuma ba a buƙatar ta. Wanda ya jera kaya a faranti yadda aka jera waɗannan ba ya buƙatar taɓa akwatin zaɓe.

Abin da aka rasa shi ne ya fi ciwo, kuma shi ya sa maganar ba ta mutu ba. Abaddon ɗaya ne daga cikin allolin mutane shida a tatsuniyar wasan, na ruwa da asirai. Shi ya saki sihiri ga halittu ba tare da awo ba, sauran biyar suka taru suka kayar da shi suka kulle shi, yaƙin da ya mayar da teku hamada. Shi ne babban abokin gaba a Guild Wars Nightfall na 2006, wanda aka gina a nahiyar Elona mai kama da arewacin Afirka. Waɗanda suka yi wancan wasan sun kashe Abaddon a ƙarshensa, amma faɗuwarsa ta farko labari kawai suka ji, ba su taɓa gani ba. Fractals kuwa an ƙirƙire su ne daidai don irin wannan, don a shiga abin da ya wuce a gani da ido. Babu labarin da ya fi cancantar wannan sashe kamar yaƙin alloli. Shi aka ɗauka aka rataya a wuyan ɗan takarar da aka zana don a ƙi shi.

Thaumanova ba banza ba ce, a yi mata adalci. Kangonta na nan a yankin Metrica, inda sababbin 'yan wasa na ƙabilar asura ke fara tafiya, kuma mutane da dama sun so sanin abin da ya fashe ta. Abin da aka gina ya yi kyau daidai gwargwado, ana kuma yin sa har yanzu. Amma fashewar tasha ce da ta faru dab da farkon labarin wasan, a hannun masu bincike marasa imani, irin labarin da za a iya sakawa a kowane sabuntawa. Rangwamen tasha ya ƙare cikin mako 4, kowa ya koma biyan abin da ya saba biya. Rashin Abaddon bai ƙare ba.

Ita kujerar fa, me ta canza? A watan Fabrairun 2014 Scarlet ta afka wa Lion's Arch ta ragargaza shi, Kiel na zaune a majalisa. Da wuya a yarda cewa da Evon ne a kujerar birnin zai tsira, domin rugujewarsa ita ce ƙololuwar labarin da aka daɗe ana ginawa. Ke nan ɓangaren da aka yi ta tallatawa, jaruma ko mugu, shi ne ɓangaren da bai da nauyi. Ɓangaren da aka liƙa a gefe kamar gyara, shi ne na dindindin.

Masu kare kamfanin na cewa ba a iya gina abu biyu a lokacin da ake fitar da sabon babi duk mako biyu, kuma zaɓen da ba a rasa komai a cikinsa ba zaɓe ba ne. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta a yi zaɓe biyu, ɗaya na kujera ɗaya na labari, ba ta cuɗa su ba.

Wasu wasannin sun nuna cewa ana iyawa. A 2021, a sashen SkyBlock na dandalin Hypixel da ke kan Minecraft, 'yan wasa suka zaɓi Dante a matsayin magajin gari da gagarumin rinjaye. Ya rikiɗe ya zama ɗan kama-karya, ya ƙaƙaba haraji da takunkumi, ya baza 'yan barandansa, har aka yi masa tawaye a watan Afrilu ƙarƙashin jagorancin fitaccen ɗan YouTube Technoblade. A can, zaɓen mugu shi kansa ne ya haifi labarin, kuma waɗanda suka zaɓe shi sun ɗanɗani abin da hannunsu ya shuka. A watan Yunin 2024 kuma, wasan Helldivers 2 ya ba 'yan wasa zaɓi tsakanin duniyar Marfark, inda za su samu sabon makami na nakiyoyi, da Vernen Wells, inda aka ce akwai asibitin yara. Suka tafi ceton yara. Ko da an ce nakiyoyin ba su burge kowa ba tun farko, tsarin ya fito fili: tukuici a gefe ɗaya, tausayi a ɗaya gefen, sakamakon kuma ana iya karanta shi.

Nintendo ma ta yi abin da ya fi kusa da wannan matsala. A watan Yulin 2019 ta rufe bukukuwan wasanta na Splatoon 2 da karawa tsakanin hargitsi da tsari. Hargitsi ya ci, aka gina Splatoon 3 na 2022 a kansa. Sannan a Fabrairun 2024 ta fitar da ƙarin babi mai suna Side Order, wanda ya nuna duniyar tsari. Waɗanda suka ci sun samu nasu da fari kuma ya fi girma, waɗanda suka faɗi sun jira sun samu nasu daga baya, nasarar kowa ba ta ragu ba.

Duk da haka, ba za a hana Cutthroat Politics, kamar yadda aka sa wa babin suna, haƙƙinsa ba. Mako biyun nan wasan ya rayu yadda ba kasafai yake yi ba. Mutane sun ɗaura bajon ɗan takararsu, sun cika dandalin hira da kamfe, ƙungiyoyi sun rabu biyu, an yi ta zolayar juna a kasuwar da ke kan duwatsun Labyrinthine Cliffs. Magoya bayan Evon musamman sun iya kamfe, kuma sun fi kowa iya riƙe ƙorafi, domin duk wata masifa da ta samu Lion's Arch bayan haka sai sun tuna wa jama'a wanda ba a zaɓa ba. Kamfanin da ya sa mutane suka damu da kujerar majalisar birnin da babu shi a duniya ya yi wani abu daidai. Shi ya sa kuskuren ya fi zafi: an samu mutane a shirye su yi gardama kan hali, aka ba su lissafin rangwame.

A 2022 ArenaNet ta dawo da labarin shekarar farko cikin babi biyar domin waɗanda ba su riske shi ba. Ba a sake buɗe rumfa ba. Sabon ɗan wasa yana tarar da Kiel a matsayin kyaftin, Evon na kasuwarsa, Thaumanova na cikin jerin Fractals, faɗuwar Abaddon kuma ba ta ciki.