4.3 Matsayin Mahayi a Waƙar Ɗanfilinge

Babban turken wannan waƙa ta Ibrahim Narambaɗa shi ne yabon doki. Tun daga sunanta, wato "Dokin Iska Ɗanfilinge", makaɗin ya yi amfani da salon kambamawa, inda ya danganta gudun dokin da iska, ya kuma jingina shi ga garin Filinge na ƙasar Nijar. Idan aka lura, yabon dokin wata hanya ce ta ɗaukaka ubangidan makaɗin, Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, domin makaɗin fada don sarkinsa yake waƙa.

A nan ne giɓi yake ga mai nazarin tarihin sukuwa. Doki ba ya cin tsere shi kaɗai. Mahayi ne yake rage ci don kada ya yi wa doki nauyi, shi ya san lokacin jan linzami da lokacin sakinsa, kuma shi yake karyewa idan aka faɗi. Duk da haka, turken waƙar bai sa shi a gaba ba. A Ingila kuwa, an adana tarihin mahaya a rubuce. Misali, an san Lester Piggott ya ci babbar sukuwar Epsom sau 9 tsakanin 1954 da 1983.

Saboda haka, waƙar ta isa hujja a kan darajar doki a fada. Amma mai neman tarihin mahayan ƙasar Hausa, wajibi ne ya nemi bakin shamakai da tsofaffin 'yan sukuwa tun suna raye.