Daga Samanja Zuwa Dogon Zango: Tsokaci a Kan Harshen Wasan Kwaikwayon Talabijin

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, harshe shi ne rumbun al'ada. Idan kuwa haka ne, ya zama wajibi a riƙa leƙa rumbun lokaci-lokaci don a ga ko gara ta shiga. Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce duba irin Hausar da ake ji a wasannin kwaikwayon talabijin, waɗanda a yau suka zama abin hira a gidajen Jekadafari, Bolari, Pantami da Tudun Wada a nan garin Gombe.

Gwamutsa Harshe Jiya

Cuɗanya Hausa da Ingilishi a wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shahara da shi a wasan Samanja Mazan Fama na gidan talabijin na Kaduna. Sai dai Samanja soja ne, kuma Hausar bariki yake yi, irin wadda zaman ƙabilu daban-daban a wuri ɗaya ya haifar. Da ya buɗe baki mai kallo ya san aikinsa, muhallinsa da zurfin karatunsa. Harshen nasa wani ɓangare ne na siffanta ɗan wasa. Haka kuma marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya nuna a wasan Karambana cewa ana iya sa mutane dariya har da hawaye da tsantsar Hausa, ta hanyar habaici, zambo da ba'a.

Gwamutsa Harshe Yau

Tun bayan kafa tashar Arewa24 a 2014, wasanni masu dogon zango suka samu karɓuwa: Daɗin Kowa a 2015, Kwana Casa'in a 2019, Labarina a 2020, sannan ɗimbin waɗanda ake sakawa a YouTube. Dole a yaba wa wasu daga cikinsu. Daɗin Kowa, alal misali, ya ba kowane ɗan wasa bakinsa; maganar Kamaye da Adama ta talakawan unguwa ce, ba ta yi kama da ta ma'aikacin ofis ba. Kwana Casa'in kuma ya kawo Hausar 'yan siyasa da ta 'yan jarida yadda take.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawancin wasannin da suka biyo baya. A cikinsu Ingilishi ya zama tambarin arziki da wayewa, Hausa tsantsa kuwa an bar wa mai gadi, 'yar aiki da boka. Abin da ya fi wannan muni shi ne jimlolin da kalmominsu na Hausa ne amma ƙashin bayansu na Ingilishi. Za a ji saurayi ya ce ya "faɗa cikin soyayya", ko uba ya ce wa ɗansa "ɗauki lokacinka", ko a rufe zance da "a ƙarshen rana". Bahaushe cewa yake so ya kama shi, a bi sannu, daga ƙarshe. Wannan alama ce ta marubucin da ya yi tunani da wani harshe, sannan ya juya.

Kada a ɗauka muna ƙyamar aro. Duk wanda ya tsaya a gidan kallon ƙwallo ko shagon da yara ke buga PlayStation zai ji gola, fenariti, kwana da gem. Waɗannan kalmomi sun bi ƙa'idar furucin Hausa, sun zauna daram kamar yadda mota da asibiti suka zauna. Yaran nan sun ari kalma sun sa mata rigar gida. Marubucin fim kuwa ya ari ginin jimla ne, wanda shi ne ke rusa harshe daga tushe.

Ina Gombe a Ciki?

Akwai kuma batun karin harshe. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 garin ke cika yana batsewa, kuma Hausarsa ta sha ruwan Fulatanci, Teranci, Tangalanci da Bolanci. Amma da wuya a ji wannan kari a allon talabijin, in ba an tashi yi wa Bafulatani dariya ba. Yaron da ya tashi yana jin Kananci da Ingausa kaɗai zai ɗauka maganar kakarsa kuskure ce.

Kammalawa

Gyaran yana hannun masu alƙalami, kuma ɗalibanmu na cikin waɗanda za su rubuta wasannin gobe. Shawararmu gare su ita ce su zauna a Babbar Kasuwa da tashar mota su saurari yadda mutane ke ciniki, faɗa da zolaya, kafin su sa wa ɗan wasa magana a baki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma mai kallo yana gane kukan aro.